Jikokin Inna na Cikin Baho

Ina tsugune gaban bahon kifi lokacin da yayan maigidana ya shigo. Sallamarsa ƙasa-ƙasa ce, kuma bai tambayi Inna ba, ni ya nema. Ya ce mashin ya faɗi da Malam, maigidan nawa, a hanyar Kebbe, sai haƙuri. Na ce innalillahi. Na tuna ban tashi ba, na ci gaba da kallon ruwan, don ban san inda zan kalla ba.

A bahon akwai 'ya'yan tarwaɗa da Malam ya ƙyanƙyashe da hannunsa, ƙanana kamar tsinken ashana. Sau biyu yana gwadawa suna mutuwa, sai wannan karon suka tsaya. Ba sa cin komai sai abu mai motsi. Kullum da safe yakan je fadama da ƙyalle mai laushi, ya tato wasu ƙwarin ruwa da ido bai cika gani ba, ya ajiye a tulu. Inna, mahaifiyarsa, takan ce, "Wasu na kawo ma uwayensu jikoki, kai ka kawo min masu gashin baki."

Bayan an watse daga zaman makoki, tulun ya ƙare. Ni kuwa na shiga takaba, fadama ta yi mini nisa. Yaya ya ce zai je. Ya dawo da bokiti cike da talibambam, kowanne ya ninka kifin girma, yana murmushi kamar wanda ya yi farauta.

Inna ta leƙa ta ce, "Wanga kuma wa za shi ci wani?"

Daga nan ta karɓi aikin. A ganinta maraya maraya ne, ko na mutum ko na tunkiya, kuma ba ta taɓa ganin marayan da koko bai raya ba. Ta dama mai kyau, ta fifita ya huce, ta zuba ludayi guda a bahon. Har bismillah ta yi musu.

Kafin azahar ruwan ya yi fari, ya fara tsami. Da yawansu suka taso sama, ciki a waje. Na kwashe su da cokali. A ranar ne na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Inna ta zauna kusa da ni, ta kalli waɗanda suka rage ta ce, "Ku ji min ɗiyan banza. Gero na Tambuwal kuka raina?"

Ina canza musu ruwa sai na tuna wani abu. Wata rana da ciwon ƙafa ya hana Malam fita, ya sa na dafa masa ƙwan zabo. Ya cinye farin, ya ɓoye gwaiduwar a tafin hannu ya nufi bayan ɗaki, inda bahon yake. Na yi masa tsiya, na ce ko yaro ba ya haka. Dariya kawai ya yi.

Na dafa ƙwai. Na ɗebi gwaiduwa kaɗan, abin da bai kai ƙwayar dawa ba, na murza ta a matacin kamu a kan ruwan. Ta bazu kamar hayaƙi tana yawo. Da farko suka yi biris. Can ɗaya ya bi ta, sai sauran.

"Iye," in ji Inna. "Masu ƙwai da safe. Halin ubansu."

Tun daga nan ita ke tashina in na makara, ta ce jikokinta na jira. In na zuba da yawa ta tsawata mini, kamar ba ita ce mai ludayi ba.

Waɗanda suka rayu yanzu sun kai ɗan yatsa, suna cin abincin kifi na kasuwa, kuma bahon ya yi musu kaɗan. Tun kafin rasuwarsa Malam ya fara haƙa musu rami a bayan ɗaki, ya kai iya gwiwa. Ramin yana nan yadda ya bar shi, ba a ƙarasa ba.