Kujerar Inna a Bayan Zana

Shekarar da ciwon ƙafa ya kayar da Innata, na ɗauko ta daga Kebbe zuwa gidana a Tambuwal. Likita ya ce maganin ba ya son cikin da babu komai. To fa! Inna ta ƙi cin abinci.

Maigidana, bawan Allah, mutum ne mai kirki har ya yi yawa. A birni ya tashi. Don murnar zuwanta ya sa kafinta ya yi mana ɗan tebur da kujeru a ƙofar kicin, ya ce nan ya fi iska. Da an sauke tuwo sai ya jawo kujera ya zauna gabanta, yana tura mata kwano.

"Inna, a daure a ƙara loma."

Ita kuwa sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Tana ta ramewa, ni ina ta zargin ciwo. Na yi kunu, na yi farfesu, na yi faɗa, duk a banza. Ran nan na iske ta tana ɗaure kayanta.

"Gida nika so," in ji ta.

"Haba Inna! Wa zai duba ki can?"

Ta harare ni. "Ke ɗiyag ga, boko ya cinye miki kunya? Ina nika iya tauna surukina shina kallon bakina?"

Wallahi dariya da kuka suka zo mini tare. Ashe yunwa ce ke neman kashe tsohuwa, tuwo na gabanta!

Da na gaya wa maigida, sai da ya dafe kai. Washegari ya aika ɗan kabu-kabu Kebbe ya ɗauko kujerarta 'yar tsugunno, wadda hayaƙi ya mayar baƙa. Shi da kansa ya kafa zana a gefen kicin, ya shimfiɗa tabarma. Daga ranar, in zai bi ta wurin sai ya yi gyaran murya tun daga nesa, ya kau da kai. Inna ta share kwano har tana tambayar ƙanzo, ba ta ƙara zancen tafiya ba.

Ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Zanar ta zube, yara sun gaje kujerar. Amma jiya ina tsintar shinkafa a wurin, na ji maigida tafe. Ya yi gyaran murya, ya kau da kai, ya wuce.