Haƙorin da Rago Ya Cire Mini

Shekarun baya, ana saura kwana biyu layya, na duƙa ina ɗaure rago a gidanmu na Dogon Dutsi, sai ya ɗago kai ya kai mini karo. Haƙorina na gaba ya faɗi cikin dusa. Ni mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai surutu tun safe, na koma koyarwa hannu bisa baki.

Abokina ya kai ni Yamai wurin wata likitar haƙori. Ta yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, ta auna sukari, ta ce sai an wanke dattin bakina tukuna. Sannan ta dasa ɗan ƙarfe kamar ƙusa cikin ƙashi, ta ɗinke wurin. Ta ce, "Sai ƙashi ya kama shi, bayan wata uku, za a ɗora haƙori. In ƙwayar cuta ta shiga, cire shi za mu yi. Ba taba, ba goro. Daga gobe ka riƙa kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, kuma ka shanye maganin nan duka."

Na ce to. Kwana uku zafi ya tafi, sai na adana sauran ƙwayoyin cikin gwangwanin mahaifiyata, wai ko wani zai buƙata. Aka kuma yi suna a Kore Mairuwa, wani dattijo ya ɓare goro ya miƙo mini. Ina zan iya ce mishi a'a? Na tauna.

Wai! Leɓena ya kumbura suntum, wurin yana fitar da ruwa. Na koma Yamai.

Likita ta leƙa, ta zaro ɓarɓashin goro daga ɗinkin. "Mushe, kai ke cewa yara ba su jin magana?" Ta wanke wurin, ta taɓa ƙarfen, ta ce bai motsa ba, Allah ya so ni.

Daga ranar mahaifiyata ta karɓi aiki. Ita ke ba ni magani, ita ke dafa ruwan gishiri. In aka miƙo goro sai ta cafke: "Kawo nan, shi dashen haƙori garai."

Ranar da aka ɗora haƙorin, dariya na yi ta yi har tasha, wallahi ba dalili.

Abin da na koya, tafiyar zafi ba ita ce warkewa ba. Har yau ina goge gindin haƙorin safe da yamma, ina kuma zuwa a duba shi. Rago kuwa, ina saye, amma wani ke ɗaurewa.