Ranar da Ɗaliban Idi Suka Zaɓe Ni

Yau shekara goma sha biyu da rasuwar ƙanena Idi, Allah ya jiƙansa. Direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani injiniya ɗan Meziko a nan Jidda, a wurinsa ya tsinci Sifaniyanci da kwali guda na kaset ɗin finafinan ƙasarsu.

Duk Alhamis bayan la'asar samarin unguwarmu, Madain Fahd, kan cika tsakar gidanmu. Idi ya sa kaset, ya tsaya gefen talabijin yana fassara, rabi Hausa rabi Larabci, saboda waɗanda aka haifa a nan Jidda. In fim ya ƙare sai ya tambaye su, "Wa ya yi kama da wannan a layinmu?" Su za su zaɓa, su za su je su taimake shi. Haka suka gyara rufin wata tsohuwa 'yar Chadi.

Wata rana suka kalli labarin wani tela da idonsa ke mutuwa yana ɓoyewa. Suka zaɓe ni. Ni tela ne a unguwar Bab Makka, a lokacin kuma zura zare a allura ya fara gagarata, ina zaton ba wanda ya sani.

Su biyar suka zo shago. Ɗayansu ya ce, "Baba Sani, yalla, mun kama maka layi wurin likitan ido." Na kore su a gaban mutane. Na koma gida na kulle bidiyon Idi a ɗakina. Idi ya ce, "Yaya, ban faɗa musu ba. Ɗinkinka suka gani." Na ce halas, an gama magana. Wata bakwai ba a yi aji ba. Girman kai rawanin tsiya.

Sai da na ɓata rigar wani ango sannan na yarda aka cire min yanar ido. Na mayar wa Idi bidiyonsa ban ce ya yafe ni ba. Shi kuma ya sa kaset kamar jiya aka tashi.

Yanzu jikokina a waya suke kallo, kowa shi kaɗai. Na san Idi ba zai yi faɗa ba. Zama zai yi kusa da yaro, in an gama ya tambaye shi wa ya tuna.

Alheri danƙo ne. Biyu daga cikin waɗanda na kora su ke kai tsofaffin unguwa asibiti har yau, sun yi furfura. A masallaci sukan taso su gaishe ni. Tun bara na daina jiransu, ni nake tashi in je inda suke.