Madinar da Na Kawo wa Inna

Daga Zariya

Kafin kiran assalatu na bar gida, cikin Rajab na 1998. Inna ta rako ni zaure tana laluben bango, don idonta ya fara tafiya, ƙafa kuwa ta daɗe da ƙi. "Ni zuwa ya wuce ni, Habu," in ji ta. "Ka kawo min Madina in gani kafin idon nan ya rufe." Na ce an gama, ina taƙama da kyamarar aro.

Mota zuwa Kano, jirgi zuwa Jidda, na yi umara, sai bas. A Badar muka tsaya shan shayi da dabino.

Madina

Na sauka a unguwar Sultana wurin Yaya Sani, ɗan kawuna mai aiki a kantin magani. Washegari a ƙofar Harami wani askar mai gadi ya hango kyamarar. "Mamnu', ya Hajji!" Wato an hana ɗaukar hoto. Hotunan kasuwa Inna tana da su, abin da idona ya gani take so.

"Khalas, shi ke nan," in ji Yaya Sani yana dariya. "Kai ba malamin zane ba ne? Yalla, maza zana mata!"

A makaranta an koya mana dabarar masu zanen coci na Italiya na da: a ja layi da alƙalami, a tsarma tawada a shafa inuwa hawa-hawa, haske kuma a bar masa farar takarda. Su mutane suka zana, ni gini kawai. Na samo tawadar allo wurin wani malami a unguwar Anbariyya, na tsarma ta da zamzam, na zauna a tagar wani bene mai kallon Harami. Iskar Madina ba ta da haƙuri, kafin in ja buroshi ta shanye ruwan. Na ɓata takardu ba kaɗan ba. Da na koma yi da sanyin safiya, sai ga kubba da hasumiyoyi sun fito, har na ji ƙwalla.

Gida

Da la'asar na iso. Inna ta kai takardar dab da ido, ta fita da ita rana, ta daɗe.

"Duhu-duhu kawai nake gani, Habu."

Na makara.

Ta shafa, ta sunsuna. "Wannan ai tawada ce."

"Ita ce, Inna, da zamzam. Ina kallon kubbar na yi."

"To ɗauko ƙwarya ka wanke min."

Ban taɓa yin zanen da ya kai shi ba. Da hannuna na wanke shi ina hawaye. Ta yi bisimilla ta sha, ta shafa ragowar a ido.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka. Na je."