Larabar da Baba Tanko Ya Sulale Mana a Kano

Tun da na ajiye sitiyari ranaku da yawa sun zube mini daga ka, amma ban taɓa mantawa da Larabar da na kai mutum goma sha takwas Kano, na tashi dawowa na ƙirga goma sha bakwai ba. Ku direbobin yanzu masu ce mini tsohon inji, ku gyara zama. Karatuna aji huɗu ne na firamare, na huɗun ma rabinsa a gonar kawuna na yi shi, amma ƙirga mutane dai na iya.

Lokacin ina tuƙa bas ɗin wani shiri na taimakon manoman riɗi, ofishinmu a Birnin Kudu. Ga wanda bai san aikin ba, direba ba ya tayar da mota sai da takardar fita. A jikinta akwai sunan kowane fasinja, da inda za a je, da lokacin dawowa. Jami'i ya sa hannu a sama, direba a ƙasa. In mutum ya ɓace, na ƙasan ake fara nema. Doka ta biyu kuma, motar aiki ba ta ɗaukar kayan kowa.

Bayan girbi ne aka ce mu ɗebo manoma daga wani ƙauye a yankin Zandam ta Gwaram, mu kai su wani kamfani wajen Dakata su ga yadda inji ke gyara riɗi. Jami'inmu Malam Nasiru ne, matashi mai digiri, mutumin kirki, sai dai ya fi yarda da agogonsa a kan kowa. Cikin manoman akwai Baba Tanko, ya haura saba'in, yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya. Ya zo da rabin buhu a ka. Na karanta masa doka ta biyu cikin murya irin ta alƙali, ya ce guzurin hanya ne. Guzurin nan tun daga nesa yake ƙamshin daddawa, kuma zai ishi mutum ya je Makka a ƙasa. Na dubi furfurarsa, na tura buhun ƙarƙashin kujerar baya. Laifina na farko ke nan.

Mun isa da hantsi, aka shiga zagaya injina, ni kuma na kishingiɗa a inuwar bas na bar ƙofa a buɗe. Laifi na biyu. Sau uku Malam Nasiru yana kiran suna a ranar, sau uku ana amsa wa Baba Tanko. Wani ya ce yana alwala, wani ya ce ya zaga, wani ya ce yanzun nan ya gan shi. Sai da aka idar da la'asar, kowa ya zauna a kujerarsa, sannan kujera guda ta tona musu asiri. Na leƙa ƙarƙashinta, babu buhu.

Da ƙyar manoman suka faɗi gaskiya, kowa yana kallon takalminsa. Ashe matan ƙauyen ne suka haɗa saƙo ga 'ya'yansu masu cin rani a Kano, kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli da yaji, suka danƙa wa dattijon. Tun da hantsi ya sulale, ya ce kafin azahar ya dawo. Ba shi da waya. Rabonsa da Kano tun yana saurayi. Adireshin da aka ba shi kuwa, wai kusa da wani bohol, wato rijiyar burtsatse, akwai masallaci a gefe. Aka kira lambobi biyu na samarin, duka a kashe.

Ba takardar ce ta fi damuna ba. Tsoho mai ido ɗaya nake hangowa yana tsallaka titin da ni kaina sai na yi addu'a nake shigarsa da mota, ga rana tana karkata. Da wace fuska zan shiga ƙauyen nan in ce na bar musu shi a Kano?

Malam Nasiru ya ce mu tafi wajen 'yan sanda, daga nan gidan rediyo a ba da cigiya. Na ce ranka ya daɗe, duk za a yi, amma bari in yi tambaya ɗaya irin ta marasa karatu. Na tambayi manoman wace sana'a yaran nasu suke yi. Suka ce tura ruwa. Na roƙi oga ya ba ni zuwa magariba. Ya dubi agogo, ya yarda, amma ya ce ƙafarsa ƙafata. Na damƙa wa maigadin kamfanin mutum goma sha bakwai, na ce ko alwala ce a yi ta a gabansa.

Ga dabarar, ku rubuta ta kyauta. Ɗan garuwa in kurarsa cike take, gidajen mutane zai kai ka. In jarkokin suna ƙara suna tsalle, babu komai ciki, to bohol ya nufa. Muka samu mai kura fanko muka bi bayansa cikin lunguna. A nan na ga Kanon da ba a gani daga sitiyari: gidaje masu bene da fenti, famfo a ƙofar kowanne, babu wanda ke ɗiga. Mata na leƙe ta bayan ƙyaure suna kiran mai ruwa, kwata ta toshe da leda, takalmin oga mai sheƙi yana ta shan wahala.

Bohol na farko, mutanen Nijar ne. Suka ce a nan kowane bohol da mutanen garinsa, mu gwada na bayan gada. Na biyu 'yan wajen Katsina ne, ba su san kowa daga Gwaram ba. Har mun juya za mu tafi, sai wata mai tuwo a gefe ta ji muna kwatance, ta ajiye mara ta ce:

“Tsoho mai buhu? Ai ni zan ba ku labarinsa. Bai sayi komai ba, ya leƙa tukunyata ya ce wannan ba miyar kuka ba ce, ruwan wanka ne aka sa wa dunƙulen kanti. Ya kwance ƙullin daddawa ya gutsura mini, wai don Allah in daina cutar bayin Allah.”

Ban san lokacin da na yi dariya ba. Mutumin da ke da ƙarfin zagin miya bai shiga hannun mota ba. Ta nuna mana hanyar da ta ɗora shi a kai.

Bayan bohol na uku akwai wata rumfar kwano, a nan samarin suke kwana, tabarmi a naɗe, kaya rataye a ƙusa. Ga Baba Tanko zaune kan jarka kamar hakimi, hula a gwiwa, kwanon garau-garau a gabansa, maza takwas sun kewaye shi. Ni dai zama na yi a ƙasa. Malam Nasiru ya fara jawabi a kan doka da lokaci. Dattijon ya bari ya kai aya, sannan ya dube ni.

“Direba, ka ci abinci kuwa? Ku miƙa masa cokali. Wake ne da shinkafa, babu laifi, sai dai a garin nan komai awo ne, har ruwan wanke hannu.”

Na ce Baba, tashi mu tafi, mutane na jira. Ya ce ba yanzu ba. Ƙulli tara aka ba shi, ya ba da takwas. Na taran na Sale ne, wanda tun damina uwarsa ba ta ji muryarsa ba. Samarin suka ce a bar musu za su ba shi, ya tafi kai ruwa nesa. Baba ya ce kuka ai ko a kasuwar Kano akwai ta. Ba don kuka aka aiko shi ba, cewa aka yi ya gano mata shi da idonsa.

Oga ya buɗe baki, ya dubi agogo, sai kuma ya nemi jarka shi ma ya zauna.

Rana ta yi ja sannan Sale ya ɓullo, magidanci ne mai gemu, yana ɗan ɗingishi. Ashe kura ce ta kife da shi cikin kwata, ƙarfe ya yanke shi a ƙwauri, ruwa ya tafi da wayarsa, ya hana a faɗa a gida don kada hankalin tsohuwa ya tashi. Baba ya sa ya naɗe wando, ya kawo idon nan mai kyau dab da tabon, ya danna da yatsa. Ya ce ya taka zuwa bango ya dawo. Sale ya taka, abokansa na yi masa dariya.

“To, na gani. Zan ce mata na gani.”

Baba ya sa hularsa, ya riga mu miƙewa, har yana ce mana mu ɗaga ƙafa kada mu yi dare.

A takardar fita Malam Nasiru ya rubuta cewa an samu jinkiri, bai ƙara ko harafi ba, ni ma na sa hannu a ƙasa ban yi tari ba.

Abin da na koya shi ne, in ka ɗauko mutumin ƙauye zuwa birni, aikin da ke takardarka daban, wanda garinsu ya ɗora masa daban, kuma nasu zai fara yi. Daga ranar, duk tafiyar Kano sai na tambaya tun a ƙauye wa ke da saƙo, in roƙi jami'i ya ƙara mana awa guda a rubuce, in kai su da mota ina kallonsu. Ku kuma masu taswira a waya, ku ci gaba da danne-danne. Amma ranar da tsoho ya ce muku yana alwala, ku tashi ku je ku ga butar.