Direban da ke Tsayawa a Tuckers Bend

Cleophus Tarver bai taɓa kayar da Ozella Mims a gardama ba, amma ta hayaƙi ce mutane ba su manta ba. Shi ne direban motar ɗaukar ɗaliban sakandaren baƙaƙen fata ta garin Tuckers Bend, ita kuwa mai dafa wa ɗalibai abinci, kuma ƙarƙashin tagarta yake ajiye motar.

"Cleophus, kawar da akwalar nan, hayaƙinta na shigar min burodin masara!"

"Haba Sista Ozella, ai shi ke ba shi ɗanɗano."

Sai kawai ta daina zuba masa abinci. Ƙaton mutum ya dinga haɗiyar yawu yana kallon yara na suɗe kwano, har ya mayar da motar gindin bishiya, ya dawo da hula a hannu.

Kakanninmu ne suka sare katakon makarantar nan da hannunsu. A 1970 kotu ta ce a haɗe makarantun baƙaƙe da na farare. Kada ku zaci an kawo mana 'ya'yan farare. Namu aka kwasa zuwa cikin gari. Kofunan ƙwallonmu suka ɓace, malamanmu suka watse, Ozella ta koma birnin Detroit wurin 'yarta. Cleophus kaɗai aka bari da aikinsa, don mota ba ta san launin mai tuƙa ta ba.

Sai dai kowace safiya in ya iso ƙofar tsohuwar makarantar, sai ya gangara gefe, ya cire hula, ya zuba wa tagar Ozella ido. Ciyawa ta riga ta kai mata wuya. Yara suka riƙa makara, iyaye suka kai ƙara, Mista Hargett shugaban direbobi ya kira shi ofis.

"Cleophus, ka sake tsayawa a can, ka ajiye min makulli."

"Ai ba na daɗewa, Yallaɓai."

"Uban wa kake jira? Babu kowa a ciki! Makarantar nan ta mutu, ka ji ko? Ta mutu!"

Cleophus ya jujjuya hularsa, yadda ya taɓa yi a gaban Ozella.

"Na ji, Yallaɓai. Amma a garin nan, baƙaƙe da farare, duk wanda ya ci karo da gawa a hanya, gefe yake gangarawa ya cire hula. Ranar jana'izar mahaifinka ma da motar nan na tsaya."