Ƙofar da surukar maigida ta sa na fasa

Ni na gina ƙofar gidan kiɗan nan na bayan unguwar Gataa El Oued, kuma har gobe ina cewa ƙofa ce mai kyau. Laifinta ɗaya: in ka ci tuwo ka ƙoshi, sai ka shiga a kaikaice. Maigidan, wani Buzu dogo ɗan Agadas, shi ya ce in matse ta don kada 'yan kallo su riƙa kutsowa bibbiyu. Da na gama ginin ya ɗauke ni tsaron ƙofar.

Wata Alhamis da la'asar masu gita suka iso da sabon akwatin sauti da suka samo daga Libiya. Na ga manyan akwatuna a duniya, amma wannan da an yi masa taga da an ba da shi haya. Muka gwada shi a tsaye, muka gwada a kwance. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba.

Mu da muka saba jan bokitin siminti zuwa saman bene, dabara ɗaya muka sani. Muka ɗaura masa igiya za mu tsallakar da shi ta kan katanga. Na hau sama in duba inda zai sauka, sai na ga tsohuwa zaune daidai wurin, a kan tabarmarta, tana fifita. Surukar maigida ce. Duk ranar wasa takan riga kowa zuwa ta kama wannan inuwar, ita kaɗai ce inuwa a filin.

Na sauko na ce, "Maigida, sai ka ce wa Inna ta ɗan matsa."

Ya ja rawaninsa har ya kusa rufe ido. "Ni? Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ka je kai."

"In igiya ta tsinke fa?"

"Kai ka gina ƙofar. Kai za ka yi wa jandarma bayani."

Na je na durƙusa. "Inna, barka da hutawa. Akwai kunama a katangar nan, da idona na gan ta, ta kai ɗan akuya."

Ba ta daina fifita ba. "Mun saba da ita. Kai ne baƙo."

"Inna, gaskiyar magana, kaya za mu sauko da shi ta nan. In ya faɗo, a faranti za a kwashe ki."

Ta ɗaga kai ta dubi katanga, ta dube ni. "Ɗan Damagaram, a garinku ta sama ake shigo da baƙi? Bayan ni akwai mata da goyo da za su zauna nan. In tashi yau, gobe ka rataye shi a kansu?"

Sai ta nuna katangar gefen dandamali da maficinta, ta ce ai ta ji an ce ni magini ne.

Maigida yana can bayan motar masu gita yana leƙe. Na gaya masa surukarsa ta ce a fasa katanga. Da ni na kawo shawarar, da ya kore ni har garin In Ekker, can cikin hamada, a ƙafa. Tun da ita ce, sai ya miƙo mini guduma da hannu biyu.

Kafin magariba na buɗe ƙofar da raƙumi zai shige da kayansa. Akwati ya shiga cikin mutunci, ba wanda aka taka. Na tsaya ina kakkaɓe ƙura ina jiran yabo.

Inna ta naɗe tabarmarta, ta tako a hankali, ta shimfiɗa ta a tsakiyar sabuwar ƙofar. Ta ce nan ya fi iska. Sauran gangunan da gitocin, ta tsohuwar ƙofa muka shigar da su, ɗaya bayan ɗaya, a kaikaice.